Abin da ya sa nake zura sanda kafin ɗuri

Ka tambaye ni me ya sa nake zura sanda cikin bindigar toka kafin in zuba albarushi, alhali ni na rataye ta da hannuna jiya. Zauna, yaro. Da wani ne ya yi mini wannan tambaya, da ko kallonsa ban yi ba.

Ka ga wannan tsagar da na yi da wuƙa a jikin sandar? In bindiga wayam take, sanda za ta shige har tsagar ta zo daidai baki, ka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, ƙal. In tsagar ta tsaya a sama, ko da faɗin yatsa biyu ne, to akwai ɗuri a ciki. Wanda ya ɗora ɗuri kan ɗuri kuwa, hannunsa zai harba, ba nama ba.

Mahaifina ya bar mini wata bindiga, bututunta na sitiyarin mota ne mai kauri, ba bututun famfon da ake yaudarar ku da shi yanzu ba. Wata damina masara ta fara nuna, wani maƙwabcinmu ya zo wai birai sun hana shi sakat a gona. Ya yi ta magiya in ara masa ita, har da haɗa ni da Allah da Annabi. Da magariba ya dawo da ita, ya ce ya harba, ba komai a ciki. Ƙarya yake yi! Ruwa ne ya jiƙa albarushin ta ƙi tashi, shi kuma girman kai ya hana shi faɗa, kada a ce bai iya ba. Da asuba, na tafi cin kasuwa, ƙanena ya ɗauke ta. Maganar dattijo ce, sai ya yarda, ya ɗura nasa a kai. A bakin rafi ya hangi gada, ya ja kunama, bututun ya tsage kamar karan dawa, ya tafi da babban yatsa da manuniyar hannunsa na hagu. Har yau ba ya iya riƙe ƙotar fartanya yadda ya kamata.

Bijimin da nake kiwo don Sallah na sayar na biya asibiti. A gaban mai unguwa mutumin nan ya kafe, shi dai ya mayar da abu yadda aka ba shi. Ko sisi bai bayar ba, ko dubiya bai zo ba. Dattawa suka ce a bar wa Allah. Na bari, amma har gobe ba na haɗa sahu da shi in ina da yadda zan yi.

In bindiga ta ƙi tashi, kada ka yi saurin sauke ta daga kafaɗa. Albarushi mai danshi yakan ci wuta a hankali, sai ka saki jiki ta tashi. Ku yaran yanzu, sai ka ga mutum ya juyo bakinta yana leƙawa, abokinsa na ɗaukarsa da waya. Garin harsashin bature kuma kada ya kusanci bindigar toka, ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututunta. Zancen kada ka nuna wa mutum bakin bindiga, ba zan ɓata yawuna a kai ba.

Lasisi kuwa, ka nemi naka kafin ka sake bina daji. Yanzu tashi ka ɗauko bindigarka da sandarta, in auna in yi maka tsagar kafin la'asar.