Ka tambaye ni kan gado, ka taɓa mini miki

Tambayarka kan rubuta manhajar kwamfuta ce: yaushe ake sa aji, wato tsarin da ake ƙera abubuwa a kansa cikin manhaja, ya gaji wani aji ya ɗauki halayensa da ayyukansa, yaushe kuma ake sa abu ya riƙe wani abu a cikinsa ya riƙa aikensa. Da ce mini ka yi mene ne aji, da ko kallonka ba zan yi ba. Kana digiri na biyu, je ka tambayi 'yan shekarar farko.

Amma tunda gado ka ambata, zauna.

Wani kamfani ya taɓa ba ni aikin manhajar biyan albashi, da harshen rubuta manhaja na Java. Lokacin ina ji da kaina, ina ganin gado shi ne ƙarshen wayo. Na gina ajin Ma'aikaci, na zuba masa lissafin albashi da haraji. Ma'aikacin dindindin ya gaje shi. Ɗan kwantiragi kuma na sa ya gaji na dindindin, don kawai kada in sake rubuta layi 40. Haka na yi ta ɗorawa har hawa biyar, ina nuna wa abokai zanen ina washe baki.

Wata takwas ina kan aikin. Saura kwana biyu a biya albashi, manaja ya ce a ƙara wa ma'aikatan dindindin alawus na gida. Layi uku na taɓa. Ban yi gwaji ba, na ce wa zai ɓata lokaci kan layi uku? Ranar biya, alawus ya gangaro ta gado har kan 'yan kwantiragi, kuɗi ya shiga asusun mutanen da ba su da haƙƙinsa. Ka san kuɗin da ya riga ya shiga aljihu. Kamfanin ya riƙe ragowar kuɗina, ya ɗauko wani yaro ya gyara layi ukun, suka ci gaba da cin moriyar manhajata shekara da shekaru. Kuskure nawa ne, na yarda. Cinye guminna kuwa, har yau ban yafe ba.

Ɗan kwantiragi ba ɗan na dindindin ba ne, ragwanci ya sa na haɗa su jini. Tun 1987 masaniyar kwamfuta Barbara Liskov ta kafa ma'aunin: duk inda ake jiran uba, wato ajin da aka gada, ɗa da ya gaje shi ya iya tsayawa ba tare da wani abu ya ɓaci ba. Da na ware ƙa'idar alawus ta zama abu mai zaman kansa, in miƙa wa kowane ma'aikaci tasa, da layi ukun nan ba su fita daga inda na sa su ba. Dahl da Nygaard, masana kwamfutar da suka kawo aji da gado a harshen rubuta manhaja na Simula 67 can Norway, kwaikwayon abubuwan duniya suke yi, shi ya sa gadonsu ke bin dangantaka ta gaskiya.

Ku 'yan yanzu ko wannan kuskuren ba za ku iya yi da hannunku ba. Na'ura ke rubuta muku, ku manna ba ku karanta ba, in ta fashe ku ce kwamfuta ce.

Gobe ka kawo mini zanen azuzuwanka da gwajinsu. In na ga hawa ya wuce biyu, a gabana za ka goge.