Idan na ƙara tsawon bututu, sinadaran za su rabu?

Tambaya: Malam, ina aikin kiromatogirafi na ruwa a ɗakin gwaji, wato raba sinadaran da ke gauraye ta hanyar tura su da ruwa cikin bututun da aka ɗura wa ɓarɓashi. Sinadarai biyu suna fitowa manne da juna, a zanen da na'ura ke bayarwa tudun wannan ya hau kan na wancan. In na ninka tsawon bututun, rabuwarsu za ta ninka?

Amsa: Ba za ta ninka ba, ɗan'uwa. Za ka ɗan samu ƙari, amma bai kai wahalar ba.

Tun 1903 da masanin tsirrai Mikhail Tswett ya zuba ruwan ganye a bututun da ya ɗura wa garin alli, launuka suka jeru daban-daban, asalin abin bai canza ba. Kowane sinadari yana raba lokacinsa tsakanin maƙalewa a ɓarɓashin bututu da bin ruwa, wanda ya fi maƙalewa shi ke zuwa a baya. Sai dai yayin da suke nisa da juna, kowannensu yana bajewa, tudunsa na ƙara faɗi.

Wannan bajewa ake aunawa da adadin farantai, wato N, ra'ayin da masana kimiyya Martin da Synge suka kawo a 1941; yawan farantai na nufin ƙarancin bajewa. Babu faranti ko ɗaya a cikin bututun, lissafi ne kawai. Ɗauki tudun da ya fito a minti 10, faɗin gindinsa minti 0.4. Raba 10 da 0.4, ka samu 25, ninka shi da kansa, sannan sau 16: farantai 10,000 ke nan. In ka ninka tsawo, N zai koma 20,000, amma rabuwa sau 1.4 kawai za ta ƙaru. Sai ka ruɓanya tsawon sau huɗu kafin ta ninka. In makin rabuwarka, wato lambar da ke nuna yadda tuddan biyu suka rabu, 1.0 ne yanzu, zai tsaya a 1.4, bai ko kai 1.5 da ake nema don tuddan su rabu har ƙasa ba, ga lokaci da matsin famfo duk sun ninka.

Duba gudun ruwan tukuna. Lissafin masani van Deemter na 1956 ya nuna dalilai uku na bajewa: hanyoyin da ke tsakanin ɓarɓashi ba tsawonsu ɗaya ba, in ruwa ya cika nawa, sinadari ya yi ta watsuwa gaba da baya, in ya cika sauri kuma, wanda ya shige cikin ɓarɓashi bai fito ba 'yan'uwansa sun wuce. Akwai gudun da ya fi dacewa a tsakani. Ƙananan ɓarɓashi ma na taimakawa, sai dai rage girmansu da rabi na ruɓanya matsi kusan sau huɗu.

Ni dai da ni ne, ruwan zan fara taɓawa. In metanol kake gaurayawa a ruwan, sauya shi da wani ruwan narkarwa kamar asitonaitiril, ko ka ɗan motsa tsamin ruwan idan sinadaran masu caji ne. Sau da yawa wannan kaɗai kan ture tudu ɗaya gefe, wani lokaci har su yi musayar wuri. In hakan bai yi ba, nemi bututu mai wani irin ɓarɓashi.