Da gaske an samo maganin sikila ta hanyar gyaran ƙwayoyin halitta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da 'ya mai shekara tara da take fama da sikila tun tana goye. Kwanan nan na ji ana cewa masana sun samo hanyar gyara ƙwayoyin halittar mutum har ya rabu da ciwon gaba ɗaya. Gaskiya ne? Idan an yi mata, 'ya'yanta za su tsira daga gadonsa? Mahaifiyarta har ta fara cewa mu sassauta da magungunan da take sha kullum, tun da waraka ta zo.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba yarinya lafiya, ku kuma Ya saka muku da alheri kan jinyar da kuke yi. Labarin da ka ji gaskiya ne. A watan Nuwamban 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, ranar 8 ga Disamba na wannan shekara kuma ta Amurka ta bi sahu. Shi ne magani na farko da aka ba izini a duniya wanda aka gina kan fasahar gyaran ƙwayoyin halitta da ake kira CRISPR. Amma tun kafin mu yi nisa, don Allah ka roƙi mahaifiyarta kada a taɓa magungunan nan. Zan dawo kan dalili.

Ka san jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da wani sinadari mai suna himogilobin, wanda shi ke dakon iskar oksijin daga huhu zuwa sauran jiki. Umarnin yadda jiki zai haɗa shi a rubuce yake cikin DNA, rubutu mai haruffa kusan biliyan uku. A wurin mai sikila harafi ɗaya tak ne ya sauya, kuma ya gaji sauyin daga uwa da uba duka. Vernon Ingram ne ya gano ainihin inda bambancin yake a jikin himogilobin a 1956. Wannan ɗan sauyi shi ke sa himogilobin ya harɗe ya zama kamar tsinkaye a duk lokacin da ya sauke iskarsa, sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta sandare, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Duk wanda ya taɓa sa ido a madubin likita ya kalli ɗigon jinin mai sikila ba ya mantawa: ga lafiyayyun ƙwayoyi a kewaye sumul, ga kuma waɗansu a tsakaninsu masu tsini ta kowane ɓangare. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, waccan kuwa da ƙyar take wuce kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini yake, daga nan kuma ciwon ƙashin da ke hana ku barci.

Yanzu ka tuna lokacin da aka haifi 'yarka. Ina da yaƙinin watanninta na farko lafiya ƙalau ta yi su, sai wajen wata shida ko bayansa ne aka fara ganin kumburin hannu da ƙafa da kukan da ba a san dalilinsa ba. Wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura da wannan tun 1948, ta kuma kawo dalilin da daga baya ya tabbata. Jariri a ciki yana da nasa irin himogilobin daban, wanda ba ya harɗewa, har ma yana hana na sikila harɗewa idan suna tare. Bayan haihuwa jiki yakan rufe wannan na jarirai a hankali, ya buɗe na manya. A wurin mai sikila, na manyan ne mai matsalar. Wato ciwon yana farawa ne ranar da kariyar da aka haife shi da ita ta janye.

Shekara 60 masana suna neman makunnin da ke kashe himogilobin na jarirai. A 2008 ne masu bincike, ciki har da Stuart Orkin da Vijay Sankaran a Boston, suka nuna cewa wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A ce ke wannan aiki. Bayan shekara huɗu, a 2012, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana yadda za a sarrafa CRISPR, wani makami da bakteriya ke amfani da shi wajen datse DNA na ƙwayoyin cutar da ke kai musu hari, a mayar da shi almakashin da za a iya aikawa ya yanka daidai inda ake so. Wannan aiki ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2020. Da aka haɗa makunni da almakashi, sai hanya ta buɗe.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Casgevy ba ya gyara harafin da ya sauya. Yana nan yadda yake. Abin da ake yi shi ne a lalata wurin da ke kunna BCL11A a cikin ƙwayoyin da ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini, sai jiki ya koma yin himogilobin na jarirai da yawa, har ya kai wajen kashi 40 cikin 100 na jimillar. Wannan ya isa ya hana ƙwayoyin lanƙwashewa. A gwajin da aka dogara da shi wajen ba da izini a Amurka, cikin mutum 31 da aka bibiya na tsawon lokacin da ake buƙata, 29 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba su yi tashin ciwo mai tsanani ba, alhali dukkansu masu yawan kwanciya asibiti ne a da. Victoria Gray, wadda aka fara yi wa a Amurka a 2019, ta sha fitowa bainar jama'a tana ba da labarin yadda rayuwarta ta sauya. Ni da na daɗe ina tsayawa a kan yara suna murƙususu cikin dare, ana neman jijiyar da za a sa ruwa an rasa, ba na ɗaukar wannan sakamako da wasa. Babban abu ne.

Sai dai kalmar magani tana iya ruɗin mutum ya zaci ƙwaya ce ko allura. Aiki ne na watanni. Da farko ana yi wa majinyaci ƙarin jini na makonni don a shirya jikinsa. Sannan a ba shi maganin da zai koro uwayen ƙwayoyin jini daga ɓargo zuwa cikin jijiya, a haɗa shi da na'urar da za ta tace su, wani lokaci sai an maimaita sau biyu ko uku kafin a tara abin da ya isa. A aika da su ɗakin gwaji a yi musu gyaran, a auna su, abin da kan ɗauki watanni. Daga nan sai mataki mafi wuya. Dole a share tsohon ɓargo don sababbin ƙwayoyi su sami wurin zama, kuma ana yin haka ne da busulfan, magani mai ƙarfi irin wanda ake ba masu cutar daji. Gashi yakan zube, baki da maƙogwaro su yi gyambo har haɗiyar miyau ta gagara, garkuwar jiki ta faɗi warwas. Majinyaci yakan yi mako huɗu zuwa shida a keɓe a asibiti kafin sabon ɓargo ya kama. Abin da ya fi damuna ga yarinya kamar taka shi ne busulfan yana iya hana haihuwa har abada, shi ya sa ake tattauna adana ƙwan mace ko maniyyin namiji kafin a fara. Kuma za a ci gaba da bibiyar waɗanda aka yi wa har shekara 15, domin tabbatar da ɗorewar amfanin da kuma lura ko almakashin ya taɓa wani wuri da ba a nufa ba.

Ga kuma kuɗi. Farashin da kamfanin Vertex mai yin maganin ya sa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, ban da kuɗin asibiti. Ka ajiye wannan kusa da ƙiyasin da aka yi na 2021, cewa an haifi jarirai sama da dubu 500 da sikila a duniya a wannan shekara kaɗai, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. Cibiyoyin da ke iya aikin kuwa 'yan ƙalilan ne, galibi a ƙasashe masu arziki. Izinin da aka bayar a 2023 ma na masu shekara 12 zuwa sama ne da ciwon ke yawan tasar musu.

Game da 'ya'yanta, amsar ita ce a'a. Ƙwayoyin ɓargo kawai ake gyarawa, ƙwayoyin haihuwa ba a taɓa su. Wadda aka yi wa wannan aiki za ta ci gaba da ba kowane ɗa nata ƙwayar S guda, don haka gwajin jini kafin aure yana nan a kanta kamar kowa. Idan mijinta AA ne, 'ya'yansu AS za su zama, ba za su yi ciwon ba. Gyaran da zai bi zuriya sai an yi shi a kan ɗan tayi tun farkon samuwarsa, kuma wannan masana sun yi tir da shi. Lokacin da wani masani mai suna He Jiankui ya sanar a 2018 cewa ya yi wa wasu tagwaye irin wannan a Sin, ɗaurin shekara uku ya biyo baya. A ganina daidai ne a ja wannan layi, domin kuskuren da aka yi a nan ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, kuma wanda za a haifa ba a nemi yardarsa ba.

Inda bincike ya sa gaba yanzu shi ne yadda za a rabu da busulfan da fitar da ƙwayoyi waje baki ɗaya, a tura kayan gyaran ta jijiya su isa ɓargo da kansu. A 2019 cibiyar binciken lafiya ta Amurka da Gidauniyar Gates sun yi alkawarin dala miliyan 100 kowacce don neman irin wannan hanya mai sauƙi ga sikila da cuta mai karya garkuwar jiki. A 2025 kuma likitoci a Filadelfiya sun yi wa wani jariri gyaran ƙwayar halitta a cikin jikinsa saboda wata cutar hanta da ba a cika samu ba. Hanta ta fi ɓargo sauƙin kaiwa, amma an nuna abin mai yiwuwa ne.

To, ga dalilin da na ce kada a taɓa magungunanta. Duk wata waraka da za ta zo, ko wannan ko dashen ɓargo daga ɗan'uwa da jininsu ya dace, wanda ake yi tun shekarun 1980, tana buƙatar ta tarar da jiki da sauran ƙarfinsa. Gyaran ƙwayoyin halitta ba ya dawo da ƙodar da ta lalace, ko ƙashin ƙugu da ya mutu, ko ɓarin jikin da ya shanye. Abin da ke kare waɗannan gaɓoɓi yau shi ne abin da ke hannunku. Maganin sikila mai suna haidiroksiyuriya ma, in an duba, hanya ɗaya take bi da Casgevy, wato ƙara himogilobin na jarirai, sai dai da kaɗan-kaɗan kuma sai an riƙa sha kullum. Gwajin 1995 ya nuna tana rage tashin ciwo da kusan rabi a wurin manya, wani kuma da aka wallafa a 2019 kan yara a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda ya nuna raguwar ciwo da buƙatar ƙarin jini da zazzaɓin cizon sauro da mace-mace. Idan ba ta shan ta, ka tambayi likitanta ko ta dace da ita. Ka tambaye shi kuma batun hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake yi wa yara masu sikila daga shekara 2 zuwa 16 sau ɗaya a shekara, wanda ke gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun bai faru ba. A cika mata alluran rigakafi, ta yawaita shan ruwa, duk ranar da jikinta ya yi zafi kuma a kai ta asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye. Idan tana da 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, ku nemi a yi musu gwajin dacewar ɓargo, domin kowannensu yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa da ita.