Na yi kuka a wurin wasan mawaƙin da nake so, yau kwana uku kunnena bai daina ƙara ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a Ingila. Akwai wani mawaƙin rok da nake saurara tun ina 'yar sakandare, a faifan yayana na fara jin muryarsa. Ranar Asabar da ta wuce Allah ya nufa na je wasansa a wani filin ƙwallo. Tun da rana na kama layi, har na samu wuri a gaba, dab da lasifikoki. Yana fitowa ya kama jita sai tsikar jikina ta tashi, hawaye suka yi ta zuba ban san dalili ba, ƙirjina kuma yana ta rawa da kiɗan. Wajen awa uku muna tsaye. To yau kwana uku ke nan kunnuwana suna wani siririn sauti "tsiii", maganar mutane ba ta fita sosai, kuma komai ya fita raina. Ƙawata ta ce abin nan ba na lafiya ba ne, in dage da addu'a. Badi zai dawo, kuma ina son in koma. Me ya same ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Addu'a kam ba a raina ta, ki ci gaba da yi. Amma abin da ya tsorata ƙawarki, wato kukan da fitar komai daga rai, shi ne bai dame ni ba. Wannan "tsiii" ɗin da kika ambata a tsakiyar magana, shi ya sa na gyara zama.

Bari mu fara sallamar kukan. A 2011 wasu masu bincike a Jami'ar McGill da ke Montreal, a Kanada, suka ce mutane su zo da kiɗan da ke tayar musu da tsikar jiki, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna saurare. Suka tarar ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin, wanda take saki idan mutum ya samu abin da ransa ke so, kuma a mataki biyu: tun ana dosar wurin da mutum ya fi so a waƙar, sannan a daidai lokacin da aka iso wurin. Ke da kika haddace waƙoƙin nan tun kina yarinya, ƙwaƙwalwarki ta san duk inda za a juya kafin a juya, don haka jiran ma daɗi ne. Ga shi kuma waƙar da mutum ya ji a shekarun tasowarsa ta fi kowacce kama zuciya, domin ba ita kaɗai take dawowa ba. Tana dawowa da ɗakin yayanki, da gida, da mutanen da ke cikinsa a lokacin. Ga ki a ƙasar mutane, nesa da su duka, ga mai muryar tsaye a gabanki da ransa, ga dubban mutane suna rera baitin da kika saba rerawa ke kaɗai. Ai da ba ki yi kuka ba ma da na yi mamaki.

Rawar ƙirjin ma ba zato kika yi ba. Sautin ganga da na jitar bes mai kauri ne, jiki yana jin sa a fata da ƙashi, ba a kunne kawai ba. A 2022 an yi wani gwaji a Jami'ar McMaster, ita ma a Kanada: ana tsakiyar wasa ana kunna wasu lasifikoki masu fitar da sauti mai kaurin da kunne ba ya kamawa, ana kashewa, 'yan kallo ba su sani ba. Duk lokacin da aka kunna, motsin jikinsu yana ƙaruwa da kusan kashi 12 cikin ɗari. Ƙasa ma tana amsawa. Lokacin da mawaƙin rok Bruce Springsteen ya yi wasa a filin Camp Nou na Barcelona a 2016, na'urar auna girgizar ƙasa da ke kusa da filin ta naɗi tsallen 'yan kallo, har ana bambance waƙa da waƙa a rubutun na'urar.

Kasalar da ta biyo baya kuwa, ki duba abin da kika yi wa jikinki: watanni kina ɗokin rana ɗaya, kika wuni a layi, kika tsaya awa uku kina ihu, kika koma gida tsakar dare, washegari kuma babu sauran abin jira. Barci da abinci da hira da mutane suna warware wannan cikin kwanaki. In ya haura mako biyu, ko ya hana ki karatu da barci, to ba maganar wasan ba ce kuma, ki je ki ga likita a kansa.

To, kunnen.

A can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan ƙashi a nannaɗe da siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi a ka, wajen 15,000 a kowane kunne. Sauti yana kaɗa ruwan, ruwan ya lanƙwasa gashin, su kuma su aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife ki, da su za ki tsufa, domin wadda ta mutu a cikinsu ba ta sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Ƙara mai tsanani tana yi musu abin da ƙafa ke yi wa ciyawa: in an taka sau ɗaya ta kwanta, gobe ta miƙe, in kuwa kullum nan ake bi sai wurin ya zama hanya. Dusashewar jin da kike fama da ita yanzu kwanciyar ce. Shi kuma "tsiii" ɗin, wanda likitoci ke kira tinitus, ba daga waje yake zuwa ba. Ƙwaƙwalwa ce ta ga saƙon da ke zuwa mata ya ragu, sai ta ƙara wa kanta kaifin sauraro har ta soma jin abin da babu.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma lissafinsa yana yaudarar mutane. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Hukumar Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata, NIOSH, ta sa iyakar da kunne zai ɗauka a rana a desibel 85 na awa 8. Daga nan duk ƙarin 3, lokacin ya ragu da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 minti 15 kacal. Wasan rok kuwa a 100 zuwa 110 yake yawo, gaban lasifika ya fi haka. Ko da 100 ɗin muka ɗauka, a awa ukun nan kin ɗora wa kunnenki kason kwana 12 a dare ɗaya. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren wasa, cewa kada matsakaicin sauti ya wuce desibel 100, a kuma tanadar wa jama'a abin toshe kunne da wurin da za su je su huta da ƙara. Hukumar ta ce sama da matasa biliyan 1 'yan shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan sauraro.

Su kansu mawaƙan sun sha a jikinsu. A 1976 ƙungiyar The Who ta yi wasa a filin ƙwallon Charlton a Landan, aka auna desibel 126, har ta shiga kundin Guinness. Mai jitarsu, Pete Townshend, ya daɗe yana fama da raunin ji da tinitus, kuma shi da bakinsa ya ɗora babban laifin a kan abin sauraron da yake sawa a kunne lokacin naɗar waƙa, wanda ya kamata duk mai yawo da iyafis a kunne ya ji wannan. A 2016 kuma likitoci suka gaya wa Brian Johnson, mawaƙin ƙungiyar AC/DC, cewa ko ya bar yawon wasa nan take ko ya kurumce gaba ɗaya. Ya sauka, wani mawaƙin, Axl Rose, ne ya ƙarasa musu rangadin. Waɗannan mutane ne masu kuɗin ganin kowane likita a duniya, amma kuɗin bai dawo musu da abin da ya mutu ba.

Ke ba ki kai nan ba, kuma mafi rinjayen zato shi ne za ki warware. Yawanci ji yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ya ɗauki mako ɗaya ko biyu. Sai dai dawowar ba ta nufin an yafe komai. A 2009 Sharon Kujawa da Charles Liberman na Jami'ar Harvard suka nuna a jikin ɓeraye cewa bayan awa 2 cikin ƙara mai ƙarfi, gwajin ji ya koma daidai, amma da yawa daga mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin nan da jijiya sun tsinke ba su dawo ba. A ɓera aka tabbatar, a mutum har yanzu ana bincike. Abin da muke gani a asibiti dai shi ne mutumin da ke ji sarai a ɗaki shiru, amma a gidan biki ko kasuwa sai ya yi ta cewa "na'am?". Ƙara tana fara cin siraran sautuka ne, irin su "s" da "f" da "sh" da "ts", sai mutum ya riƙa jin murya amma kalmomin ba su fita.

Abin da nake so ki yi yanzu shi ne ki bar kunnen ya huta. Ki ajiye iyafis na mako biyu, ki guji duk wurin da sai kin ɗaga murya kafin na kusa da ke ya ji ki. Da dare, lokacin da sautin ya fi takura wa mutum, ki kunna fanka ko ki bar rediyo ƙasa-ƙasa, shiru tsit yana ƙara fito da shi. Kada ki ɗiga komai a ciki. Na san in kika kira gida za a ce man zaitun, ko ruwan albasa, ko a sosa da gashin kaza. Babu wanda zai isa wurin da ciwon yake, tunda yana bayan dodon kunne, kuma in akwai huda a dodon sai su jawo wata sabuwar matsala. In kina shan asfirin da yawa ko kwinin, ki faɗa wa likita, su ma suna sa kunne ƙara.

Akwai alamomin da ba a jira da su. In kunne ɗaya ya toshe ɗif ɗaya kuma yana ji, ko kina jin jiri, ko ciwo, ko ruwa ko jini yana fita, ko sautin yana bugawa tare da bugun zuciyarki, ki nemi likita yau ɗin nan. Rasa ji kwatsam a kunne ɗaya yana da magani, amma maganin ya fi ci a makonni biyun farko, jinkiri yana rage amfaninsa. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma mako biyu ya cika sautin bai tafi ba, ki sa likitanki ya tura ki gwajin ji. A nawa ra'ayin ma ki yi gwajin ko ya tafi, don a samu abin da za a kwatanta da shi nan gaba.

Maganar badi kuwa, ki koma abinki. Ba na daga cikin likitocin da ke cewa a bar duk abin da rai ke so. Amma ki je da abin toshe kunne a aljihu. A 2015 likitoci daga birnin Utrecht na ƙasar Holan suka yi gwaji a wani bikin kiɗa a Amsterdam da mutum 51, wasu suka toshe kunne wasu suka bar shi, na tsawon awa huɗu da rabi. A cikin waɗanda suka toshe, kashi 12 cikin ɗari ne suka fito da tinitus. A cikin waɗanda ba su toshe ba, kashi 40. Na soso mai arha da ake sayarwa a kemis yana aiki in an sa shi daidai: ki murza shi ya siranta, ki ja saman kunnen da ɗaya hannun, ki tura, ki riƙe shi da yatsa har ya kumbura. Illarsa yana dusashe kiɗan. Akwai na mawaƙa mai ɗan tace a tsakiya, wanda ke rage ƙarfin sautin ya bar muryar da jitar suna fita tas, shi nake ba masu son waƙa irinki shawara su saya. Auduga ko takardar goge hannu da mutane ke cusawa, kusan kwantar da hankali kawai suke yi.

Sai wurin tsayawa. Na fahimci son ganin fuskarsa a kusa, amma gaban lasifika shi ne wuri mafi muni a filin, ga kunne da kuma daɗin kiɗan. Masu haɗa sauti galibi a tsakiyar fili suke kafa teburinsu, suna fuskantar dandamali, kuma da kunnen wanda ke tsaye a nan suke daidaita komai. Ki nemi wuri kusa da su. In ana cikin wasa ki ji kunnenki ya soma nauyi, ki fita bayan fili na minti goma ki dawo, sannan kwana biyun da suka biyo baya ki bar kunnen ba iyafis. Abin toshe kunnen kuma kada ki bar shi a Ingila in za ki gida hutu, domin lasifikar DJ a ɗakin biki ba ta da wani bambanci da ta filin ƙwallon.

Allah ya ƙara sauƙi. In kin yi gwajin, ki aiko da sakamakon mu duba tare.