Tambaya da Amsa: Hannun Baba na hagu ya ƙi komawa aiki

Tambaya: Likita, wata biyar ke nan da mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Yana iya ɗan buɗe yatsun hagu, amma sa maɓallin riga ya gagare shi, komai da dama yake yi. Wani mai magani ya ce a bar hannun ya huta, a riƙa shafa masa mai kawai. Ina tsoron kada hannun ya mutu gaba ɗaya. Idan ya ƙware da dama, hagun zai koya?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, Malama. Hagun zai ɗan amfana, amma kaɗan ne. Tun a 1894 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa horar da hannu ɗaya yana ɗan ƙara wa ɗayan ƙarfi da iya aiki. Sai dai sa maɓalli aikin hannu biyu ne: hagu ya riƙe bakin rigar ya buɗe ramin, dama ya tura maɓallin, kuma sai lokacinsu ya zo daidai. Wannan daidaituwar ita kanta ake koya, ta hanyar jijiyoyin da suka haɗa ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa, kuma ba ta samuwa sai hannayen sun yi aikin tare. Shi ya sa muke fara wa majinyaci da abin da hannu biyu ke yi iri ɗaya, kamar ninke tawul ko ɗaga kofi da hannu biyu, kafin a kai ga maɓalli.

Maganar "a bar shi ya huta" kuwa, wallahi ita ce ke ci min rai kullum. Hutun me? Hannun da ba a amfani da shi, ƙwaƙwalwa koyon mantawa da shi take yi. Mutum ya gwada, cokali ya faɗi, ya ji kunya, gobe ya ƙi gwadawa, jibi hannun ya saba da zama a cinya. Edward Taub, wani masanin ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, ya yi shekaru yana nazarin wannan, kuma a kan bincikensa aka gina wani gwaji da aka wallafa a 2006 a Amurka, da majinyata 222 da suka yi wata 3 zuwa 9 da ciwon. An sa wa wasunsu safar hannu mai hana amfani da lafiyayyen hannun na mako biyu, aka dage da horar da mai ciwon, kuma sun fi sauran samun sauƙi. Ku lura, watanninsu daidai da na Baba. Shi kuwa man shafawa ba ya koya wa jijiya komai. Abin da ya fi muni, masu tausar nan sukan fizgi hannun, alhali kafaɗar da ta yi rauni tana iya gocewa. Na sha ganin wanda aka kawo bayan shekara, yatsu sun dunƙule, farce na cin tafin hannu, 'ya'ya suna cewa "ai an ce mu jira". Wa ya ce?

Amma kada ku ɗaure masa hannun dama a gida da kanku, wannan aikin likitan fisiyo ne, wato mai horar da motsin gaɓoɓi, shi zai auna ko ya dace. Ku samo riga mai manyan maɓallai, a shimfiɗa ta a kan tebur, ya gwada na 'yan mintuna sau da yawa a yini, ya tsaya idan kafaɗa ta fara ciwo. Ku kuma bar shi ya yi barci sosai, domin abin da yatsu suka maimaita da rana yakan ƙara zama da dare. Kuma ki daure, idan yana fama da maɓallin, kada ki yi saurin karɓa ki sa masa.