Tambaya da Amsa: Fushin da ke riga baƙon wata zuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 26, 'ya'yana biyu, ina zaune a Ƙofar Marusa cikin Katsina. Duk wata, idan saura kamar mako guda in ga al'ada, sai in koma wata daban. Nonuwana su yi tsami, cikina ya kumbura, abu kaɗan in fashe da kuka ko in rufe yara da faɗa. Da jinin ya zo, kwana biyu na warware. Maigida ya ce raini ne, Hajiyarsa kuma ta ce iska ce, a kai ni ruƙiya. Me ke damuna?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne lokacin da abin ke zuwa da lokacin da yake tafiya. Raini ba ya bin lissafin wata. Wannan larura ce sananniya, likitoci na ce mata PMS, kuma tun da na fara aikin jinya nake sauraron irin wannan koke.

Kamar kwana 14 kafin al'ada ƙwai ke fita. Daga nan sinadarai biyu na jikin mace, istirojin da furojestaron, suna hawa, sannan su sauka idan ciki bai shiga ba. Wannan hawa da saukar yana taɓa wani sinadari na ƙwaƙwalwa, serotonin, mai hannu a natsuwa da barci da sha'awar abinci. Wata ba ta ko jin canjin, wata kuma sai ya girgiza ta. Ba ki aikata komai ba da ya jawo miki.

Addu'a kam kada ki bari, sallarki da azuminki ma suna nan tunda jinin bai zo ba. Amma ki sayi ƙaramin littafi. Kowane dare ki rubuta kwanan wata da yadda kika wuni: kuka, faɗa, ciwon kai, kumburi, barci. Ki sa alama ranar da jini ya fara. Ki yi haka wata 2 zuwa 3 ba fashi. Babu gwajin jinin da ke nuna wannan larura, da irin rubutun nan likita ke gane ta. Kuma littafin zai yi miki amfani a gida. Ki nuna wa maigida a ranar da kike cikin walwala, ba tsakiyar rigima ba, ki ce ga kwanakin da nake roƙon a yi mini uzuri. Shi ya fi dacewa ya fahimtar da Hajiya.

A kwanakin nan ki rage gishiri da dunƙulen miya, suna ƙara kumburin. Shayi mai kauri, goro da lemon kwalba mai kola su ma a sassauta. Kindirmo, riɗi da kwaɗon zogale suna da kalsiyam, wanda ke rage wa mata da yawa wannan wahala. Ki taka da ƙafa na rabin awa idan rana ta yi sanyi, ki kwanta da wuri. Ciwon kai ko tsamin nono, farasitamol ya isa. Ibuprofen ma yana yi, amma ba a kan yunwa ba, kuma ba ga mai gyambon ciki ba. Idan kwanakin suka wuce jini bai zo ba, ki yi gwajin ciki kafin ki ci gaba da shan wani magani, don sabon ciki yana zuwa da alamu irin waɗannan.

Inda nake so ki buɗe kunne shi ne nan. Akwai mai tsanani, PMDD, wadda ke sa mace baƙin ciki har ta kasa aikin gidanta, ko ta ji rayuwa ta ishe ta. Idan tunanin cutar da kanki ko yaranki ya taɓa zuwa miki, kada ki jira littafi ya cika, ranar ki faɗa wa wanda kika yarda da shi ku tafi asibiti. Tana da magani, likita kan ba da irin su fluoxetine ko wasu ƙwayoyin tsarin iyali, amma ba abin saya a kemis da ka ba ne. Haka idan rubutunki ya nuna damuwar ba ta ɗagawa duk wata, sai a duba ƙarancin jini, maƙoƙo ko ciwon damuwa. Ki je ɓangaren mata na Asibitin Turai Yar'adua ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ki riƙe littafinki. Allah Ya ba ki lafiya.