Due to ko because of a jarrabawar STEP?

Ƙanwata, kin ce kina shirin STEP a nan Jidda, wato jarrabawar ƙwarewar Turanci ta Ƙiyas, cibiyar shirya jarrabawa ta Saudiyya, kuma due to da because of suna rikita ki. Ga dabarar: cire due to ki sa caused by a gurbinsa. In jimlar ta zauna daidai, shi ke nan. "The delay was due to rain" ta yi, domin due to yana bayanin suna ne, wato delay. Amma "The bus stopped due to rain", masu tsaurin nahawu because of suke so a nan, tunda aikatau ake wa bayani. A hira ba mai damuwa da wannan, Turawan ma cakuɗa su suke yi. Shi kuwa because kaɗai, cikakkiyar jimla ke bin sa: "because it rained".

Inda aka fi faɗawa rami a ganina shi ne jimla mai buɗewa da -ing. Dubi "Walking to the Haram, the rain started." Wa ke tafiyar? Ruwan sama? Sunan da ya zo bayan waƙafi dole ya zama mai aikin, don haka zaɓi wadda ta ce "Walking to the Haram, we got wet."